Wanda Ya Yi Wa Sarewa Amshi

Ni ne mai haɗa wa Sarewa sauti. Shekara tara ina zaune a bayan na'ura ina jin har numfashinsa, don haka abin da zan faɗa muku ba jita-jita ba ce. Sarewa muke ce masa saboda muryar, kuma wallahi ya ci sunan.

Da can yana ƙarƙashin wani babban kamfanin waƙa. Su ke ba shi situdiyo, su ke ɗauko masa 'yan amshi, su ke kai waƙarsa gidajen rediyo. Sai kansa ya kumbura, ya ce guminsa suke sha, ya yaga takardar yarjejeniya, wai zai tsaya da ƙafarsa. Ni kuma da yake wauta ta yi mini yawa, na bi shi.

Ɗakin ajiyar kaya na gidansa muka mayar situdiyo, muka manna tsofaffin katifu a bango. Waƙa uku muka saki, ko ƙuda bai sauka a kan ɗaya ba. Masu rediyon da ke rungumarsa a da suka daina ɗaga waya. Ga gida cike: mahaifiyarsa, ƙanwarsa, matarsa, da 'yarsa mai shekara shida da yake kira Tsuntsuwa, don bakinta ba ya hutawa. Yana son yarinyar nan, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ya fi son tafi.

Wata rana da tsakar rana ya ce in tuƙa shi wurin wani boka. Bayan layin masu gyaran rediyo akwai wani tsohon bene da aka daina zama, muka hau hawa na uku. Ɗakin babu taga. An lulluɓe bangon da jan ƙyalle, an jera matattun rediyoyi tun daga ƙasa har rufi, kowanne an ɗaure bakinsa da baƙin zare. A kan tebur akwai kwalabe, cikin kowace da ɗan busasshen harshe. Wani tsuntsu yana keji a gefe. Bokan siriri ne mai tsabta, yana magana a hankali kamar likita.

"Murya kana da ita," ya ce. "Kunnuwa ka rasa."

"Su nake so. Duk inda aka kunna rediyo, ni za a ji."

"Wa ke yi maka amshi?"

"Da kamfani ke kawo su. Yanzu duk wanda ya samu."

"To, wanda ya yi maka amshi nawa ne."

Na taɓa gwiwarsa. "Oga, tashi mu tafi."

Ya ture hannuna. "Naka kamar yaya? Muryar, ko mutumin?"

"Ka taɓa ganin an ɗauki ɗaya an bar ɗaya?"

"In ba ka mota. In ba ka rabin duk abin da na samu."

"Ba na hawa mota."

Sarewa ya yi murmushi, kuma na san lissafin da ya yi: 'yan amshi cike suke da gari, bai san uwarsu ba, bai san ubansu ba. "Na yarda," ya ce.

Bokan ya karɓi makirufon da ya sa muka zo da shi, ya naɗe wuyansa da gashin Sarewa. Ya ɗauko kejin ya ajiye, muka zauna muna jira. Sai da tsuntsun ya buɗe baki ya fara kuka mai daɗi, a tsakiyar kukan ya murɗe masa wuya, ya ɗiga jinin a ragar makirufon. Ragar ta shanye shi tas.

Ranar da za mu ɗauki sabuwar waƙa, yarinyar da muka kira don amshi ba ta zo ba. Ƙanwarsa ta leƙo da tsintsiya a hannu. "Yaya, layi biyu ne fa, kawo in yi maka. In ta fashe ka saya mini waya." Ya dube ni, na dube shi. Numfashi ɗaya ya ja, ya miƙa mata abin sauraro ta saka a kunne.

Waƙar ta fashe. A tasi ita, a shagon aski ita, masu rediyon nan suka dawo suna kiransa ɗan'uwa. Kamfanin ma ya aiko a sasanta, ya sa aka bar ɗan aiken tsaye a rana. Ya saya wa ƙanwar waya, amma ba ta taɓa amsa kira da ita ba, don cikin mako guda muryarta ta ɗauke. Kafin wata ya cika muka binne ta.

Ya yi kuka, ya ɗauko mata uku daga waje suka yi masa amshin ta gaba. Waƙar ta mutu a ranar da ta fita, matan kuwa har yau suna nan garas. Nan ya gane abin da bokan bai faɗa ba: makirufon ba ya cin baƙo.

A wannan gaɓar mai hankali zai jefa abin a wuta. Sarewa ya laɓe da shi a bayan ƙofa lokacin da mahaifiyarsa ke guga tana ɗan rera waƙa a maƙoshi, kamar yadda ta saba. Ni na yanka, ni na ɗora a kan kiɗa. Muka koma katafaren gida mai motoci huɗu a farfajiya. Tsohuwar ta manta sunan kowa, ta manta magana, sai layin nan guda take maimaitawa tana goga tafin hannunta a bango, har fatar ta saluɓe. Da ta yi shiru, shi ke nan.

Matarsa ba sakarya ba ce. Ta ɗauki Tsuntsuwa ta tafi gidan yayanta, ta turo masa saƙon murya tana kuka: "Ka bar mu, don Allah ka bar mu." Ya kunna saƙon a bakin makirufon. Kun san waƙar, kun yi rawa da ita a ɗakunanku, kuna cewa amshin yana taɓa zuciya. Bayan rasuwar matar aka dawo masa da yarinyar, tunda shi ne uba.

Ya rantse mini a kan Tsuntsuwa ya tsaya. Sabon situdiyon yana da ƙofa mai kauri, ya hana ta ko kusantar wurin. Ya ce wannan karon waƙa babu amshi zai yi. Washegarin ranar da muka ɗauke ta, da safe ina tace sautin, sai na ji wani abu can ƙasa, wata 'yar siririyar murya tana bin bayansa tana cinye kalmomi. Ashe ƙofar ba ta rufu ba.

"Oga, Tsuntsuwa ta shiga ciki. Ba ni minti biyu in goge ta."

"Goge, yi sauri." Na kai hannu. "Tsaya. Kunna mini babu ita."

Na kunna. Waƙa ce kawai.

"Kunna da ita."

Na kunna. Ban taɓa jin abu mai daɗi haka ba, kuma na tsani kunnena da ya gaya mini gaskiya. Sau uku ya sa na maimaita. Ana cikin na ukun ta turo ƙofa, ga giɓi a bakinta, tana dariya.

"Baba, ni ce! Na iya?"

"Kin iya, uwata. Je ki yi wasa."

Da ta fita, bai dube ni ba. "Bar ta," ya ce. "Ƙara mata ƙarfi kaɗan."

Na ƙara. Da wannan hannun na ƙara. Kwana goma sha ɗaya ta ƙara a duniya.

Bayan haka gidan ya zama fayau, mutane kuma suna ta neman sabuwa. Ya shiga ɗakin ɗauka shi kaɗai, ya rera baitinsa, sannan ya ce abin da duk mawaƙin da ba shi da kowa yake cewa: "Buɗe mini layi na biyu in ɗora amshin da kaina." Ya manta da sharaɗin bokan. Ni ban manta ba. Na dube shi ta gilashi, na tuna giɓin nan, na danna jan maɓallin ɗaukar murya.

Bai mutu ba, an hana shi wannan sauƙin. Gidan da motocin duk sun tafi. In kun bi layin masu gyaran rediyo za ku gan shi da tsumma a jiki, yana zagaya tsohon benen, wanda yanzu hawa na ukunsa babu komai sai ƙura. Muryarsa ba ta nan. In ya buɗe baki, wani lokaci tsohuwa ce ke rera waƙar guga, wani lokaci mace ce ke roƙon a bar su. Masu shaguna suna jifansa da ɓawon lemo.

Ku da ke ganin wani ya haska dare ɗaya ranku ya biya, ku ji ni da kyau. Duk mai ce muku zai ba ku duniya ba tare da gumi ba, a cikin gidanku zai ɗebi kuɗinsa, kuma da hannunku za ku miƙa masa. Kwaɗayi ba ya cewa ya ƙoshi, sai ya cinye wanda kuka fi so sannan ya juyo kanku. Ni da na zauna ina danna maɓalli ban fi Sarewa ba, na bar sana'ar, ko rediyo ba na ajiyewa.

Makon jiya na yi kuskuren bin layin. Ya gane ni, ya riƙe mini riga, hawaye na zuba a fuskarsa. Ya buɗe baki, 'yar siririyar muryar nan ta fito.

"Baba, na iya?"