Tsohuwar Rigar Dalma

Shugaban sashen hoto na asibitin ne ya kai ƙara da kansa, wai an sace rigar dalma. Sufeto ya iso da hantsi, sajan na biye da shi.

Ɗakin sanyi ƙalau, babu taga. Na'urar ɗaukar hoton ƙashi na tsakiya. A bango akwai hanga biyu na ƙarfe, ɗaya wayam, ɗaya ɗauke da sabuwar riga shuɗiya. Sufeto ya ɗaga ta, nauyinta ya ja masa hannu ƙasa.

"Dalma ce a ciki, Yallaɓai," in ji shugaban, wanda kowa a wurin ke kira Oga. "Ita ke tare hasken na'ura kada ya ratsa jikin ma'aikaci. Ɓarauniyar kuma ba sai ka wahala ba. Ɗalibar da aka turo mana koyon aiki ce. Ita ce ta ƙarshe da ta sa rigar. Na sanar da makarantarsu, korarta za su yi."

"Wadda aka ɗauke, sabuwa ce kamar wannan?"

"Tsohuwa ce."

"Ɓarawo ya ga sabuwa ya zaɓi tsohuwa? Wannan ai mai tausayi ne."

Oga bai yi dariya ba.

Ɗalibar tana zaune a benci a waje, cikin farin yunifom da ya fara matse ta a ciki. Idanunta sun yi ja.

"Malama, ke kika ɗauka?"

"Yallaɓai, dubi jakata. Ko kwanon abincina da ƙyar yake shiga. Kuma rigar nan ba a ninke ta. Shi ne abin da aka fara koya mana: in ka ninke, dalmar ta tsage daga ciki, ido ba ya gani. Rataye ta ake yi."

"Da cikin nan kike shiga ɗakin?"

Ta sunkuyar da kai. "Na gaya wa Oga tun farko. Na ji tsoron a ce in dakata sai baɗi. Ya ce in rufe bakina, rigar ta ishe ni. In an kawo yaro mai kuka, ni nake sa ta in riƙe shi a ɗauka."

"Me ya hana ki sa sabuwar?"

"Ta Oga ce. Ba mai taɓa ta."

Ɗaya ma'aikacin, wani siriri da ake ce wa Dogo, yana goge teburin na'ura, yana ta maimaita wuri ɗaya.

"Rigar nan ta taɓa fita daga ɗakin nan?"

"Ko sau ɗaya, ranka ya daɗe."

"To wa ya gan ta a rataye jiya?"

"Ni dai ban kula ba."

"Kai da tebur ma kake kula da shi haka?" Sufeto ya ja kujera ya zauna. "Yarinyar can za ta kwana a bayan kanta da ciki. Ka ci gaba da goge-gogenka."

Dogo ya ajiye tsumman. Ya ce da can tsohuwar ce Oga ya fi so, don ta fi sauƙi a kafaɗa. Rana ɗaya kawai ya daina sa ta. Ya ce kuma a makon nan masu duba kayan aiki za su zo, kowace riga sai an shimfiɗa ta a ƙarƙashin na'ura an ɗauki hotonta.

"Sai me?"

"Oga yana da ɗan wurin hoto nasa a cikin gari. Ƙarshen mako yakan matso da motarsa ƙofar baya. Ina da iyali, Yallaɓai."

Sufeto ya daɗe yana kallonsa. Ya sha ganin irinsa: mutumin da bai yi komai ba, kuma rashin yin nasa ne ya yi ɓarnar.

Da suka je gun motar, Oga ya ce makullin but ɗin ya lalace. Sajan ya karɓa ya murɗa, ya buɗe lafiya lau. Ƙarƙashin safaya taya, ga rigar an ninke ta kamar zanin gado.

"Wani ne ya sa min," in ji Oga.

"Mu je a yi mata hoton da kake gudu."

Dogo ya shimfiɗa ta, kowa ya koma bayan gilashi. Hoton ya fito a allo fari fat, sai baƙaƙen layuka da suka ratsa shi, suka gicciye daidai inda cikin mutum yake zama.

Oga ya zauna a kujerar marasa lafiya.

"Ni nake ɗaukar ta, ni na ninke," ya ce a hankali. "Na gwada ta ni kaɗai na ga tsagar. In na faɗa, sai an tambaye ni yadda aka yi. In masu duba suka gani, aikina ya tafi. Na ce in ta ɓata, magana ta mutu."

"Ita kuma ɗalibar?"

"Wani dai zai ɗauki laifin."

Ba su ji shigowar ɗalibar ba. Tana tsaye a bakin ƙofa, idonta a kan allon. Ba ta buƙatar a fassara mata, karatun da ta zo yi ke nan.

"Oga, ranar da ka ce in ƙara matsowa in danne ƙafar yaron nan, ka riga ka sani?"

Bai ɗago ba. "Hasken ba shi da yawa. Mai yiwuwa ba abin da zai faru."

"Mai yiwuwa," ta maimaita.

Sajan ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba ta cikin layin masu jiran hoto. Wata tsohuwa da ba ta san abin da ake ciki ba ta gaishe shi da likita.

Sufeto ya tsaya kusa da ɗalibar. "Zan kira makarantarku da kaina. An wanke sunanki."

"Na gode, Yallaɓai." Har yanzu allon take kallo. "Ni an wanke ni yau. Shi na cikin sai ya fito za mu ji nasa."