Faifan da Khue Ya Sayo

Rana ta kusa faɗuwa a garin My Tho sa'ad da Khue tela ya wana garmaho, ya ɗora sabon faifan da ya sayo a Saigon. Muryar wata mawakiyar wasan kwaikwayo ce, tana kukan uwar da ɗanta ya ɓata a kogi. Tana tsakiyar baiti faifan ya ƙare. Allura ta tsaya. Sai muryar ta sake tashi daga madafa, inda 'yarsa Tham ke wanke shinkafa.

Tham ba ta taɓa waƙa ba.

Tun daga ranar, duk almuru sai tsakuwar kogi ta dinga faɗowa kan rufin, a jiƙe, ɗaya bayan ɗaya. Tham takan zauna fuskarta a bango, ta rera har inda faifan ya yanke, ta shaƙe, ta koma farko. Kwana tara ba ta ci komai ba sai ruwan shinkafa.

"Mayar da abin nan inda ka samo shi," uwarta Nhan ta ce wa Khue.

"Faifai ne kawai," ya ce, amma bai dube ta ba.

A rana ta goma Nhan ta kawo tsoho Tu Dom, masanin iskoki. Ya kunna turare, ya zauna bayan yarinyar, ya tambaya:

"Wace ce ke?"

"Sau Lien," in ji wata murya mai kauri daga bakin Tham. "Masu ɗaukar murya sun tsayar da ni gaban ƙahon na'urarsu, suka ce rera. Ban kai ƙarshe ba Bature ya ɗaga hannu, wai faifan ya cika. Zazzaɓi ya kashe ni a kwalekwale kan hanyar gida. Yanzu kowa ya wana abin nan sai in tashi, a sake katse ni."

"Me kike so?"

"Yarinyar. Maƙogwaronta sabo ne."

Nhan ta durƙusa. "Yaya, ki ji tausayi. Ita kaɗai gare ni."

"Ba za ki samu yarinyar ba," in ji tsohon. "Za ki ƙarasa waƙarki sau ɗaya, babu mai ɗaga hannu, sannan a kai faifan kogi."

"Kaɗan ne, Malam."

"Shi ne abin da aka hana ki."

Turaren ya ci rabi. Sannan Sau Lien ta ɗauko waƙar daga farko. Da ta iso wurin yankewar, Khue ya runtse ido. Ta wuce. Uwar cikin waƙar ta kira sunan ɗanta sau uku, na ukun da ƙarfin da ya kashe fitila.

Tham ta kife a tabarma. Da ta farfaɗo ta buɗe baki za ta kira uwarta, sai iska kawai ta fito.

Ta yi aure, ta haifi biyar, ta rayu shekara saba'in da ɗaya. 'Ya'yanta da tafi take kiransu.