Cigiyar Akuyar Kaka

Jikata tana aji biyar. Wata rana ta rubuta labari mai daɗi, malaminsu ya sa aka tafa mata. Tun daga nan kanta ya kumbura.

Ana nan, sai akuyata ta tsinke igiya ta fice. Ga ta da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Muka duba bayan gida da bakin rijiya, babu ita.

Na ce, "Ke, ɗauko takarda. Rubuta cigiya, ki manna a jikin shagon tela."

"Kaka, bar min wannan," in ji ta. Ko tambaya ɗaya ba ta yi min ba.

Da yamma sai ga matar tela, ido jawur.

"Sannu, Kaka. Wace yarinya ce ta ɓata a gidan nan?"

"Yarinya kuma? Akuya ce!"

Na sa jikata ta ciro takardar, ta karanta min.

"Wayyo! Abar ƙaunarmu ta tafi. Idanunta kamar taurari, tafiyarta kamar ta sarauniya. Gidanmu ya yi duhu."

"To, uwar iyayi, ina kika ce akuya ce? Baƙa ce ko fara? Wanda ya gan ta, ina zai kai ta?"

Sai ta fara hawaye. Ban lallashe ta ba. Kuka ba ya dawo da dabba.

Da safe ta kai wa malaminsu takardar. Ga abin da ya gaya mata: "Kalmominki sun yi kyau, amma ba nan ne wurinsu ba. Labari a zaune ake karanta shi, don a ji daɗi. Cigiya kuwa a tsaye ake karanta ta, mutum yana sauri. Me kike so ya sani?"

Da ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Kaka, don Allah kwatanta min ita."

Na kwatanta, ta rubuta: "Cigiya. Baƙar akuya mai ciki ta ɓata. Kunnenta na hagu a tsage yake. Akwai guntuwar igiya a wuyanta. Wanda ya gan ta, ya kawo gidan da ke bayan shagon tela."

Ta je ta manna. Kafin rana ta faɗi, wani mai faskare ya yi sallama. Akuyar tana biye da shi, ya rungumo 'ya'ya biyu. A bayan rumfarsa ta haihu.

Jikata ta yi ta tsalle. Na bar ta ta gama, sannan na ce, "Zauna ki ji. Ba a yanka albasa da gatari, ba a faskare da wuƙa. Kowane rubutu da aikinsa. Kafin ki ɗora alƙalami, ki san wa zai karanta, da abin da yake bukata."

"Na ji, Kaka."

"To, tashi ki ɗebo wa mai jego ruwa."