Ruwan Zafi a Rariyar Inna Altine

Ana gab da kiran magariba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rumfa. Kaji sun shige akurki, gidan Inna Altine da ke Kabo ya yi tsit, ba ka jin komai sai gurnanin injin dafa madara. Ɗanta Zayyad ko kai bai ɗaga daga kwamfutarsa ba.

Shekara bakwai ya yi a Kudu yana aikin masana'anta, ya dawo da injin nan da zuciyar da ba ta zama wuri ɗaya. Madarar shanun gidan tana bi ta bututu, ruwan zafi yana bi ta wani a jikinsa, zafin ya ratsa ba tare da sun gauraya ba. Wani ɗan akwati ke riƙe zafin a digiri saba'in da biyu, shi kuma lambobi uku yake bi. Kwana tara Zayyad yana zuba awon zafi a jadawalin lissafi, kwamfuta tana lalubo masa lambobin da suka fi sauri. Saurin ya samu. Sai dai duk tashi sai zafin ya zarce, bawul, wato makullin bututun, ya buɗe da kansa, tafasasshen ruwa ya kwarara rariyar bayan ɗaki.

Ya yi tsaki. Dutse na biyu ya sauka, sai na uku. Daga rariyar aka ji wani abu kamar kukan jariri. Ƙanwarsa Zinnira, da ke wanke ƙwarya, ta yanke jiki ta faɗi.

Kwana uku ba ta ci ba, ba ta gane kowa. Ya kai ta asibiti a Gwarzo, aka auna, ba a ga komai ba. Inna ba ta ƙara shawara da shi ba, ta aika Unguwar Tudu aka ɗauko Malam Sajo.

Malam ya zauna a gefen tabarma, ya daɗe yana karatu. Inuwa ta cinye tsakar gida. Can Zinnira ta tashi zaune, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Tun zamanin kakar yarinyar nan nake ƙarƙashin rariyar. Duk macen da za ta zubar da ruwan zafi sai ta yi bismilla, in kwashe 'ya'yana. Wannan ƙarfen ba ya yi. Ya ƙona min ɗa."

"Malam, inji ne fa!" in ji Zayyad. "Ina ya ga bakin bismilla? Sai in karkatar da bututun."

Muryar ta ce, "Ka karkatar ina, ɗan boko? Ko'ina da masu shi. A fitar da injin, ko in zauna."

Malam ya ce, "Ki ji tsoron Allah, yarinya ba ta yi miki komai ba. In ruwan bai ƙara zuba ba fa?"

Muryar tsohuwar ta sake fitowa.

"Ɗigo ɗaya, na dawo. Kuma ba fita."

Zinnira ta yi atishawa sau uku, ta kwanta, ta kira Inna da muryarta.

Washegari Zayyad ya buɗe jadawalin, ya goge gurbin sauri da yake alfahari da shi. Ya umarci kwamfutar ta nemo lambobin da zafi ba zai zarce ba ko da rabin digiri. Abin da injin yake yi a minti shida ya koma ashirin da biyar. Takaici kamar ya fasa allon.

Da shanu suka dawo aka tatsa, ya ajiye bokiti a bakin bawul, ya kunna, hannunsa a kan maɓallin kashewa. Sittin da tara. Saba'in da ɗaya. Gumi ya jiƙe masa riga. Saba'in da biyu, zafin ya tsaya cak. Bokitin a bushe.

Zinnira ta leƙo da kofin fura a hannu. "Yaya, injin naka ya koma tafiyar tsofaffi."

Zayyad ya ɗauke bokitin. Inna dai ta ji bismillar da ya furta a hankali kafin ya kunna injin, ta ci gaba da alwalarta.