Motar Halvard Ta Ƙi Tashi

Ƙarfe uku na yamma duhu ya riga ya sauko kan ƙauyen, kamar yadda yake yi a arewacin Norway in sanyi ya kai tsakiya. Halvard ya shiga gareji zai kai 'yarsa Tuva gidan kakarta. Ya murɗa makulli, motar ta ce ƙas, ta yi shiru.

Halvard mutum ne mai ganin ya san komai, irin wanda ko likita sai ya gyara wa magana. Ya auna batir, a cike yake. Ya kwance fulogi ya goge, ya duba mai, ya ƙwanƙwasa sitata da sifana. Babu abin da ya lalace, motar dai ta ƙi tashi.

A nan ne dutse na farko ya faɗo kan rufin garejin. Na biyu ya biyo baya, alhali ƙanƙara ta binne duk wani dutse da ke ƙauyen.

Kwana huɗu ana haka. Da duhu ya shigo sai jifa, sai wani siririn kuka daga ƙarƙashin bonet. Ran na biyar matarsa Oddny ta tarar da Tuva a kujerar direba, ba takalmi, idanunta a ƙafe. Yarinya 'yar shekara sha huɗu, amma Halvard da maƙwabta biyu suka kasa ɓamɓare hannunta daga sitiyari.

"Ni na kira Edvin," in ji Oddny. "In ka ga dama ka yi ta aunawa har gobe."

Edvin tsohon makanike ne, kuma shi ake kira ya yi karatu in jini ya ƙi tsayawa. Ya buɗe bonet ya haska tocila, ya daɗe. Sannan ya zaro wani baƙin gashi daga jikin fambel, belin da ke juya fankar inji.

"Ka buga bonet kafin ka tayar da ita, ran da ta tashi na ƙarshe?"

Kowa a ƙauyen yana bugawa, saboda kyanwoyi na shiga neman ɗumin inji. Halvard ya ce ba ya camfi.

Edvin ya dafa goshin Tuva ya fara karatu a hankali. Bakinta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Ɗan kyanwar nan ɗana ne. Sanyi ya ji, ya shiga ya kwanta. Tambaye shi ko ya ji kukan."

Halvard ya kau da kai.

"Ya ji! Sai ya ƙara murya a rediyo ya wuce, wai kada jirgin fito ya bar shi. Da ya dawo ya sa tiyo ya wanke jinin."

"Me za ki karɓa ki bar yarinyar?" in ji Edvin.

"Ta ɗauki motar," Halvard ya yi wuf ya ce. "Ga karenmu ma."

Dariyar da ta fito daga bakin Tuva ta sa Oddny ta dafa bango.

"Hannu ɗaya nake so. A ɗora shi kan fambel, ni in murɗa makulli. In ba haka ba, yau zan tafi da yarinyar."

Edvin ya roƙa, ya yi karatu har muryarsa ta dusashe, tsohuwar ba ta rage komai ba. Halvard ya matso, ya miƙa hannu, ya janye. Ya sake miƙawa, ya ce a bari tukuna, wataƙila waya ce ta tsinke. Ya yi ta maganar wayoyi, numfashin 'yarsa kuwa yana ta raguwa.

Oddny ta ture shi gefe ta sa hannunta.

Motar ta tashi bugu ɗaya. Edvin ya kashe ta, ya riƙe abin da ya rage na yatsun Oddny yana karatu har jinin ya tsaya.

"Na tafi," in ji muryar. "Amma ban rufe wa yarinyar ido ba. Duk ta gani."

Jifa ya tsaya. Tuva ta sauko tana rawar ɗari, ta rungume uwarta. Halvard ya cire rigar sanyinsa zai lulluɓa mata.

Ta dube shi, ta dubi hannayensa guda biyu.

"Bar shi, Halvard," in ji ta. "Kada ka ji sanyi."

Tun daga ranar ba ta ƙara kiransa Baba ba.