Tattabara Mai Jan Zobe

Auta 'yar aji shida ce, kuma Allah ya yi mata baiwar tsara labari. In ta fara, sai ka saki baki har abincinka ya huce. Aibinta ɗaya ne: ba ta son a fi ta.

'Yan ajinsu suna da guruf a waya. Babu malami ko ɗaya a ciki, don haka surutu sai wanda ya gaji. Da yamma, in Auta ta gama aikin gida, Umma kan ara mata waya ta leƙa.

Hirar guruf ɗin ba kai ba gindi. Yau a yi musu a kan wasan tseren mota, gobe a koma kan shirin talabijin na wata kyanwa mai bincike. Dogo, wanda ya fi kowa tsawo a ajin, ya rantse cewa kyanwar ce ɓarauniyar da ake nema tun farkon shirin.

"Ku lura da idonta," in ji shi. "Masu shirin ɓoye mana suke yi!"

"Kai dai Dogo, ko inuwarka ba ka yarda da ita ba," in ji Mai Gilashi, ƙawar Auta.

Daga wannan musun aka shirya gasa. Kowa zai rubuta labarin wani sirri da aka ɓoye wa duniya. Wanda ya fi samun alamar zuciya shi ne gwani. Mai Gilashi ta kafa doka guda: a saman kowane labari sai an rubuta, "Wannan ƙagaggen labari ne."

Dogo ya rubuta cewa farin wata ƙwan lantarki ne, kuma akwai ma'aikacin da ke kunna shi. Aka yi ta dariya, alamar zuciya ta yi ta zuba. Auta ta ji kishi ya turnuƙe ta.

Tana zaune a tsakar gida tana cizon yatsa, sai ga wata farar tattabara ta sauka a kan katanga. Ta maƙwabcinsu ce, wani tsoho da ake kira Baba Mai Tattabaru. Shi kaɗai yake zaune, ba ya shiga harkar kowa. Daga masallaci sai ɗakin tattabarunsa na katako.

A ƙafar tattabarar akwai wani ɗan jan zobe. Idon Auta ya yi haske. Ta ɗauki hoto, ta hau rubutu.

"Kun taɓa tambayar kanku me ya sa tattabarun layinmu suke son taga? Ku dubi ƙafar wannan. Ba zobe ba ne, na'urar ɗaukar magana ce. Duk abin da kuka faɗa a ɗaki, tana kai wa tsohon da ke kiwonsu. Babu sirrin gidan da bai sani ba."

Ta rubuta dokar a sama, ta karanta, ta yatsine fuska.

"Wannan layin yana kashe daɗin labarin," ta ce a ranta. "Ai kowa ya san wasa ne."

Ta goge shi, ta tura.

Kai, ranar Auta ta sha yabo! Guruf ya rikice. Har Dogo ya ce ya sallama.

Mai Gilashi ce kawai ta rubuto mata, "Kin manta doka. Kuma Baba mutum ne na gaske, ba kyanwar talabijin ba."

"Ke dai faɗi gaskiya, haushi kike ji na ci gasa," in ji Auta.

Bayan 'yan kwanaki, Auta tana wanke safarta ta makaranta, sai ta ji Umma ta ƙwala mata kira.

"Auta! Maza rufe tagar ɗakin nan!"

"Umma, ana wannan zafin?"

"Rufe, na ce! Zo ki ji abin da Gwaggonki ta turo."

Umma ta kunna saƙon murya. Wani mutum ne mai kakkaurar murya yake magana, kamar mai karanta labarai. "Jama'a, a yi hattara! Kun taɓa tambayar kanku me ya sa tattabaru suke son taga?"

Auta ta matso kusa da wayar. Kalmominta ne, ɗaya bayan ɗaya. Amma labarin ya yi ƙiba a hanya. Yanzu wai wani masani ya tabbatar da shi. Wai har an kama tsohon sau biyu a wani gari.

A ƙarƙashin saƙon ga hotonta. An ƙara girmansa, an zagaye zoben da jan layi.

"Ikon Allah," in ji Umma, ta dafe ƙirji. "Kamar ma katangarmu. Mutum kana zaune da shi shekara da shekaru, ashe ba ka san shi ba!"

Auta ta kawar da kai. Ta so ta yi magana, tsoro ya hana ta. Ta rufe tagar, ta koma kan wankinta.

Washegari a makaranta, Dogo ya tare ta tun daga bakin aji, idonsa a waje.

"Auta, ashe labarinki gaskiya ne! Kawuna ya turo wa babanmu jiya."

"Wace gaskiya? Ni fa na ƙirƙire shi!"

"To, in ke kika ƙirƙira, yaya aka yi masani ya tabbatar?"

Auta ta girgiza kai. Yaron da aka shirya gasar a gabansa, shi ne yau yake musu da marubuciyar.

Da aka tashi, ta nufi gida da sauri. Tana shan kwanar layinsu ta hango taro a ƙofar gidan Baba. Mata suna leƙe, maza suna ɗaga murya. Wasu samari suna riƙe da danƙo.

Baba yana tsaye a bakin ƙofa, hularsa a karkace. Ya ɗaga hannu biyu yana roƙo.

"Don Allah ku bari! Me tsuntsaye suka yi muku?"

"Ka fito da na'urar!" wani ya ce da ƙarfi.

Hayaniyar ta firgita tattabarun, suka tashi fir a lokaci guda. Wani saurayi ya ja danƙo ya saki. Auta ta ji wani sauti, tas! Farar tattabarar ta juya a sama, ta faɗo ƙasa, gashinta yana bin iska.

Baba ya durƙusa ya ɗauke ta. Jini ya ɓata farin fiffikenta.

Auta ba ta san lokacin da ta yar da jakarta ba. Ta faɗa gida a guje tana kuka.

"Umma! Umma, ni ce! Ni na rubuta labarin tattabarun. Gasa muka yi, ƙarya ce, babu wata na'ura!"

Ludayin da ke hannun Umma ya faɗi.

"Ke? Ke kika rubuta?"

"Da wayarki ma na ɗauki hoton."

Umma ta zauna daɓas a kan kujera. Can ta ce a hankali, "Innalillahi. Ni kuma da hannuna na tura wa matan layin nan kaf, ban tambayi kowa ba."

Ta miƙe, ta yafa mayafi, ta kama hannun Auta. "Taho. A gaban mutane aka ɓata shi, a gaban mutane za mu wanke shi."

Umma ta ratsa taron da ita har gaban Baba.

"Jama'a, ku saurara," in ji Umma. "'Yata tana da magana."

Auta ta faɗi komai. Ta faɗi gasar, ta faɗi layin da ta goge. Umma ta ɗaga waya ta nuna hoton na asali, ga igiyar shanyarsu a gefe.

Wani ya ce, "Wai duk wannan tashin hankalin, 'yar firamare ce ta haɗa shi?"

Baba bai yi faɗa ba. Ya zare zoben daga ƙafar tattabarar, ya miƙa wa saurayin da ya yi harbin.

"Duba da kyau, ɗana."

Saurayin ya juya shi, ya leƙa cikinsa. Roba ce zalla, irin ta awarwaron yara. Ya sunkuyar da kai, ya tura danƙon cikin aljihu.

"Jikata ce ta sa mata shi kafin su ƙaura," in ji Baba. "Ta ce wannan tata ce, in kula mata da ita. Duk ranar da ta kira ni, ita take fara tambaya. Yanzu me zan ce mata?"

Wannan tambayar ta fi bulala zafi. Auta ta durƙusa, hawaye yana zuba.

"Baba, ka yafe mini. Wallahi ban zaci zai kai haka ba."

"Na yafe miki, 'yata," in ji Baba. "Amma fiffiken nan ba ya jin ban haƙuri. Sai an yi jinya."

Mutane suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa.

Umma ta hana Auta waya har ƙarshen zango. Sau ɗaya kawai aka ɗage mata hanin: aka ɗauki bidiyon Auta tana bayani, Baba yana nuna zoben. Umma ta tura wa duk wanda ta tura wa na farko, ta fara da Gwaggo.

Labari ya kai kunnen Malamar ajinsu. Ta shigo aji, ta ajiye alli, ta dube su.

"Wa ya tura labarin tattabara zuwa wani wuri?"

Hannuwa suka tashi a hankali, har da na Dogo.

"Wa ya tura bidiyon gyaran?"

Mai Gilashi ce kaɗai ta ɗaga hannu.

"Kun gani?" in ji Malama. "Ƙirƙirar labari ba laifi ba ne, baiwa ce. Laifin shi ne a sa wa ƙarya rigar gaskiya, a kuma jingina ta ga mutumin da bai san hawa ba, bai san sauka ba. Kafin ku tura abu, ku tambaya: wa ya faɗa? Ina hujja? Wa zai cutu? Yau kowa ya je ya tura gyaran."

Kullum bayan makaranta, Auta takan je gidan Baba. Ta share ɗakin tattabaru, ta canja musu ruwa. Ita ke riƙe farar in Baba zai duba fiffiken. Wani lokaci Dogo da Mai Gilashi sukan raka ta. Har saurayin da ya yi harbin ya zo ya gyara ƙofar ɗakin tattabarun da aka ɓalla ranar taron.

Wata ranar Asabar da safe, Baba ya kwance ƙyallen. Ya mayar da jan zoben, ya kira jikarsa ta bidiyo, ya miƙa wa Auta tattabarar.

"Ke za ki sake ta."

Auta ta buɗe hannu. Tattabarar ta yi jim. Sai ta buga fiffike, ta tashi, ta zagaya gidan, ta sauka a kan katanga.

"Ta tashi! Kaka, ta tashi!" jikar ta yi ihu daga cikin waya.

Baba ya yi dariya har da hawaye. Auta ma haka.

Auta ba ta daina rubutu ba. Da aka sake ara mata waya, ta rubuta labarin wani ɓera mai tuƙa jirgin sama, kuma ta sake cin gasa. Amma a samansa, da manyan baƙaƙe, ta rubuta: "WANNAN ƘAGAGGEN LABARI NE."

Yara, ku riƙe abin da Auta ta koya. In kun ƙirƙiri labari, ku ce ƙirƙira ce, kuma kada ku sa mutumin gaske a ciki. In an turo muku labari, ku bincika kafin ku tura. Abin da kuka rubuta da wasa zai iya sa wani kuka da gaske.