Tsibirin Da Babu Kowa

Casilda ta rasa 'yarta, ta tsira da tsibirinta. Yarinyar ba mutuwa ta yi ba, ba kuma guduwa ta yi ba. Tana nan cikin gidan, tana ci tana sha, ko jiya an gan ta a bakin ruwa tana wanke gilasan ninƙaya. Tsibirin ma ba wani abin a zo a gani ba ne. Farin rairayi, kwakwa bakwai, rumfar ganye ɗaya, tafiyar rabin awa a jirgi mai inji daga ƙauyensu na gaɓar Barú. Amma nata ne. Duk wanda yake ganin an cuce ta a cinikin, ya je ya faɗa mata ido da ido.

Mijinta Evaristo ne ya fara sana'ar. Kullum da safe zai ɗauko baƙi 'yan yawon buɗe ido daga birnin Cartagena, mutum takwas ko goma, ya kai su tsibirin su wuni su kaɗai. 'Yarsu Marelvis ta raba musu gilashi da bututun numfashi, ta shige gaba cikin ruwa, su bi ta suna kallon kifi a kan duwatsun murjani. Kafin su fito Casilda ta soya kifi, ta sauke shinkafar kwakwa, ta dandaƙa agada ta mayar cikin mai. Sai dai Evaristo yana da wata ɗabi'a. Kafin a zuba wa kowa, sai ya ɗauki faranti guda da kifin da ya fi girma, ya kai gindin kwakwar ƙarshe, ya cire hularsa, ya ce, "Mai gida, mun zo." Shekara ashirin tana kallonsa tana tsaki.

Da ya rasu, akwatin gawarsa ma sai da ta taya. Kafintan ya faɗi kuɗi, ta ce ya yi tsada, ta juya za ta tafi, ga gawar miji kwance a ɗaki, har sai da mutumin ya biyo ta ya rage, ya ƙara mata hannuwan tagulla kyauta. Ba ta taɓa karɓar farashin farko ba a rayuwarta, kuma tana so kowa ya san haka.

Aka gama addu'ar kwana tara, ta koma aiki. Anselmo ƙanin mijin ya karɓi tuƙi. A ranar farko, da abinci ya sauka, ya miƙa hannu ya ɗauki faranti.

"Wa za ka kai wa?"

"Haba matar yaya, ai kin sani."

"Ya biya kuɗin jirgi?"

Anselmo ya tsaya da faranti a hannu.

"Ajiye min. Kaguwa ce take cinyewa, ni kuwa ban ɗauki kaguwa aiki ba."

Ya ajiye. Daga nan kuma ta fito da nata salon. Ba ta iya karanta allon da aka rubuta mata a jikin jirgi ba, amma bakinta ya fi allo. Da jirgi ya taɓa rairayi sai ta riga kowa sauka, ta buɗe hannuwa, ta ɗaga murya: "Ku duba! Yau naku ne ku kaɗai. Babu kowa a nan. Babu kowa!" Baƙi su yi tafi, su ɗauke ta hoto. Cikin shekara ɗaya ta sauya rufin gidanta, ta sayi sabon inji.

Wata Alhamis ce, rana ta sunkuya, teku ya yi ja. Casilda tana kankare tukunya a tsakar gida. Marelvis ta ɗauraye bututun goma ta rataye su a igiya suna ɗiga. Kaji sun hau makwancinsu. Iskar da ta wuni tana kaɗawa ta ɗauke, wurin ya yi tsit, har ana jin ɗigar ruwan a kan ƙasa.

Sai dutse ya faɗo a kan sabon kwano.

"'Ya'yan wa ne? Uwarku ce ta saya min kwanon?" Ta leƙa waje da ludayi a hannu. Ba yaro ko ɗaya a layin. Na biyu ya faɗo, na uku ya gangaro ya tsaya a gaban ƙafarta. Ta ɗauka. Murjani ne, jiƙe sharkaf, da sanyi irin na ƙasan ruwa, wata 'yar tsutsa tana motsi a raminsa.

"Mama," in ji Marelvis a hankali. "Saurara."

Bututun nan goma da ke rataye numfashi suke yi. A tare suke ja, a tare suke saki, sannu sannu, kamar mutum goma sun kifa fuska a ruwa suna kallon wani abu a ƙasa. Casilda ta fizge su daga igiya ta cusa a buhu ta zauna a kai. Ta ji buhun yana kumbura yana sacewa a ƙarƙashinta. Da duhu ya gama rufewa komai ya tsaya.

Washegari ta fita da baƙi. Ta buɗe hannuwa, ta faɗi maganarta.

Haka jifan da numfashin suka yi ta dawowa, kullum a daidai wannan ɗan tsakanin na faɗuwar rana. Maƙwabta suka daina bi ta ƙofarsu. A kwana na biyar aka ƙwanƙwasa. Muryar tsoho, mai ladabi, ta ce, "Akwai mutane?" Kafin su buɗe baki, muryar ta ba kanta amsa daga cikin ɗaki, daga bayan kunnensu: "Babu kowa."

A kwana na tara Marelvis ta nutsa a gaban baƙi ba ta taso ba. Suka ɗauka gwaninta ce, suna duba agogo suna dariya. Da ta fito ba ta kalli kowa ba. Ta taka har gindin kwakwar ƙarshe, ta zauna, ta tara hannu kamar mai jiran a zuba mata. Sai ɗaukarta aka yi aka sa a jirgi. Tun daga ranar gashinta bai sake bushewa ba. Ba ta ci, ba ta magana, tana zaune a kan kujera ruwan gishiri yana bin haɓarta, ƙudaje ba sa sauka a kanta.

Casilda ta ɗauki 'yar maƙwabciya ta riƙa shiga ruwa da baƙin, ta rufe tata a ɗaki. Kwana uku a haka. A na huɗu Anselmo ya cire makullin inji ya sa a aljihu.

"Ko ki kira Baba Apolinar, ko ki tuƙa da kanki."

Apolinar tsoho ne da ya yi shekara arba'in yana hidima a coci, ya haddace addu'o'in da sababbin fada ma ba su sani ba, ya kuma gaji sanin ganye a wurin kakarsa. Ya zo da yamma da baƙin littafi, da kyandir uku, da ruwan albarka a kwalba, da tabar ganye. Ya kalli yarinyar ya daɗe, sannan ya ja uwar gefe.

"Ki ji da kyau, 'yata. Wannan ba ɗan kasuwa ba ne. Abin da ya fara nema shi ne mafi sauƙi. Yana faɗa, ki ce kin yarda."

"Kai dai yi karatunka, Baba. Cinikin ka bar min."

Rana ta taɓa ruwa. Tsohon ya kunna kyandir, ya busa hayaƙi a kusurwa huɗu, ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Duwatsu suka soma sauka a kan kwano ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Da ya yayyafa ruwan a goshin Marelvis sai suka tsaya. Yarinyar ta ɗago kai. Idon nata ne, kallon ba nata ba ne.

"Wane ne kai?" in ji Apolinar.

"Mai gida." Muryar tsohon nan ce mai ladabi. "Ina can tun kafin kwakwar farko ta tsiro. Evaristo ya san ni. Yana da tarbiyya."

"Me kake so ka saki yarinyar?"

"Farantina. Da gaisuwata. Ta tsaya a gaban baƙinta ta ce, mai gida, mun zo. Shi ke nan."

Apolinar ya juyo da sauri yana gyaɗa mata kai. Anselmo, da ke maƙale a bakin ƙofa, ya haɗa hannu. Casilda ta jawo kujera, ta zauna daf da 'yarta, ta gyara zani a gwiwa, kamar yadda take zama a gaban masu kifi.

"Albarka," ta ce. "Kan kifi, ranar Lahadi. Gaisuwa babu."

"Gaisuwar nake so. Kifin ai nawa ne tun asali."

"Ni in tsaya a ƙasar mijina in gaida wanda ban gani ba? Baƙin da na ce musu su kaɗai ne su ji ina kiran mai gida? Ashe ba ka san sana'a ba."

Kyandir ɗaya ya mutu.

"To tsibirin. Kada ƙafar mutum ta sake taka shi."

Ta yi dariya har da tafa cinya. "Ji tsoho da son banza! Daga faranti ka haye tsibiri? Albarka."

Kyandir na biyu ya mutu. Ruwa ya ɓalle daga bakin Marelvis da hancinta, ƙirjinta yana ɗagawa, yatsunta suna kama iska kamar mai neman saman ruwa. Anselmo ya yi ihu, "Za ta mutu, matar yaya! 'Yarki ce!" Casilda ba ta motsa ba. Ta ga masu kifi da yawa suna naɗe kayansu kamar za su tafi. Ta san mai naɗewa yana dawowa.

Ya kuwa dawo. Ruwan ya tsaya, yarinyar ta ja numfashi.

"Riƙe tsibirin," in ji muryar. "Riƙe gaisuwarki. Shekara guda kina tsaye a kaina kina cewa babu kowa. Ke ma ki ɗanɗana. Daga yau ba mai ganinki, ba mai jin muryarki, duniya duka. Kina nan, babu kowa."

Nan Casilda ta ji an dawo fagen da ta sani. Ya faɗi abu mai yawa, abu mai yawa kuwa ana rage shi.

"Ban da baƙi. Wa zai tarbe su?"

"Ban da baƙi."

"Ban da Anselmo. Rago ne, in ba ya ganina ba zai tashi da wuri ba."

"Na bar miki."

"Masu kifi. Mai sayar da man jirgi. Matan layin nan kaf, musamman uwar Dionisia, ina so ta gan ni duk ranar da na sa sabon kaya."

"Na bar miki."

Ta yi ta lissafo su tana lanƙwasa yatsu, fuskarta tana haske. Fadan coci, don ranar mutuwarta. Likita. 'Yan'uwanta na tudu da ba sa ga maciji da juna. Mutanen Cartagena, da na duk garin da ba ta taɓa zuwa ba. Duk wanda ta ambata sai a ce an bar mata, ba ja, ba musu. Tunda take ba ta taɓa ciniki mai daɗin wannan ba.

"Kin gama?"

"Casilda," in ji Apolinar, "dubi gabanki."

"Rufe min baki, tsoho, magana nake." Ta dubi gabanta. Ba ta ga komai ba sai abokin ciniki. "Na gama."

Bakin Marelvis ya yi murmushi. Hannunta ya taso a hankali, ya dafa ƙirjinta.

"Saura ɗaya."

Sai yanzu Casilda ta gane wadda ba ta lissafo ba. Can nesa ana jin teku yana lasar gaɓa.

"Ba na cuta," in ji muryar. "Har yanzu ana iya warwarewa. Bar min tsibirin, in bar miki ita."

Anselmo ya durƙusa. Apolinar ya rufe littafinsa. Casilda ta kalli jiƙaƙƙen gashin da ta yi shekara goma sha tara tana kitsawa. Ta kalli sabon kwano a samanta. Disamba saura wata ɗaya, lokacin da jirgi yake yin sawu biyu a rana. Ta ce a ranta, yarinya ce, za ta warware. Ba abin da ba ya warwarewa.

"Tsibiri na nan a hannuna. Na sallama a yadda muka yi," ta ce.

Kyandir na uku ya mutu. Wani sanyi ya bi ta ƙafafunsu ya fita ta ƙofa, ya bar warin ciyawar teku.

Da Anselmo ya kunna fitila Marelvis tana tari, tana neman ruwan sha. Ta gane kawunta, ta gaida Baba Apolinar da kunya. Sannan ta waiga.

"Kawu, ina Mama?"

Casilda tana riƙe da hannunta. "Ga ni, ke! Ga ni nan!" Yarinyar ta kaɗe hannun kamar an taɓa ta da yanar gizo, ta tashi, ta bi ta gefen uwar ta leƙa ɗaki, ta leƙa madafa, ta dawo.

"Babu kowa," ta ce.

Ba ta warware ba. An gaya mata, an nuna mata kujerar, ta ce wasa suke mata da hankali, ta yi ta zagin su tana kuka. Wata biyu tana kukan uwarta a kan gadon uwar, uwar tana zaune a bakin gadon tana ji. Ta ji abin da 'ya take faɗa in ta tabbata ba mai jin ta, mai daɗin da marar daɗin, marar daɗin ya fi yawa.

Yanzu shekara huɗu. Dutse bai sake faɗowa ba. Jirgi biyu gare su. Casilda tana riga kowa sauka, tana buɗe hannuwa, baƙi suna tafi. Marelvis tana tsaye a gefe tana mamakin abin da suke wa tafi. Da yamma, in sun dawo, yarinyar takan zuba abinci a faranti guda, ta zaɓi kifin da ya fi girma, ta ajiye a kan tebur gaban kujerar da take ganin wayam. Ta ce, "Mama, in kina nan, mun dawo." Sai ta juya baya, don ba ta son ganin yadda abincin yake raguwa. Casilda tana cinyewa tas. Ba ta barin abinci ya lalace.

Kwanan baya, a wurin masu kifi, uwar Dionisia ta kasa haƙuri ta tambaye ta a gaban jama'a, wai a ƙarshe nawa aljanin ya karɓa.

Casilda ba ta ɗago ba. Tana buɗe kunnen wani jan kifi da babban yatsa tana duba jininsa.

"Duniya duka ya nema," ta ce. "Mutum ɗaya na ba shi."